Siyasar Jam'iyya Tsakanin Masu Kishin Jirgin Ƙasa a Lokacin Yaƙin Neman Zaɓe: Nazari Daga Keffi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda siyasar jam'iyya ke raba kan mutanen da suka damu da harkar jirgin ƙasa a Nijeriya duk lokacin da aka kaɗa gangar zaɓe, ta kuma ɗauki Keffi da hanyarta ta zuwa Abuja a matsayin wurin gwaji. Hujjarta ita ce aikin layin dogo ya fi wa'adin kowace gwamnati tsawon rai, don haka duk wanda ya jingina shi ga jam'iyya ɗaya sai ya yanke wani sashe na tarihinsa ya yar. An kawo shaida daga layukan Abuja zuwa Kaduna, Itakpe zuwa Warri, Kano zuwa Maraɗi da tsohon layin gabas da ya ratsa Lafiya da Gudi, an kuma leƙa Nijar, Senegal, Amurka da Ingila. Bayan amsa suka guda uku, takardar ta nuna cewa ƙarfin masu kishin jirgi yana cikin tambayoyin da za su yi wa kowane ɗan takara ba tare da duba tutarsa ba.

1.0 Gabatarwa

A ranar 26 ga Yuli, 2016, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da jirgin ƙasa na zamani tsakanin tashar Idu a Abuja da tashar Rigasa a Kaduna, tafiyar kilomita 186. Nan take gardama ta kaure a kan aikin wane ne. Magoya bayan PDP suka ce Goodluck Jonathan ne ya shimfiɗa ƙarfen, yanke ƙyalle kaɗai APC ta yi. Magoya bayan APC suka ce ƙarfen da bai ɗauki fasinja ba bai amfani kowa ba, wanda ya sa jirgi ya motsa shi ne mai aiki. Gardamar ta lafa, ta tashi gabanin zaɓen 2019, ta sake dawowa da zafinta a kakar 2023. Ba abin mamaki ba ne 'yan siyasa da sojojin bakinsu su yi irin wannan ja-in-ja, sana'arsu ke nan. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda mutanen da suka fi kowa sanin harkar, waɗanda za su lissafo maka tashoshi daga Kafanchan zuwa Makurɗi ba tare da tuntuɓe ba, su ma suke darewa gida biyu, kowa ya ɗaga rabin gaskiya ya danne rabi.

Hujjar takardar guda ɗaya ce. Layin dogo aiki ne da kan ci shekara 10 zuwa 30 kafin ya tsaya da ƙafarsa, sannan a yi ta kula da shi har jikoki, alhali wa'adin gwamna ko shugaban ƙasa shekara 4 ne, in ya zarce 8. Saboda wannan saɓani, ba a iya ba wa jam'iyya ɗaya layi sai an yi wa tarihi kwaskwarima. Mai kishin jirgin da ya yarda ya zama ɗan kamfe ya sayar da abin da ya bambanta shi da sauran masu zaɓe, wato sani da dogon tunawa, a farashin da bai taka kara ya karya ba. An zaɓi Keffi ne saboda garin ba shi da jirgi. Inda babu layin da za a yi gardamar wa ya gina, an fi ganin abin da ake buƙata daga masu kishin, an kuma fi hango asarar da ɓangaranci zai jawo tun kafin a aza ƙarfe ɗaya.

2.0 Masu Kishin Jirgi da Matsayin Keffi

Masu kishin jirgin ƙasa a Nijeriya ba ƙungiya ɗaya ba ce mai rajista da shugaba. Akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'ya'yansu da suka tashi a kwatas ɗin Zariya, Kafanchan, Minna, Inugu da Ebute Metta. Akwai 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi da suka san bambancin kuɗin tarago da na tirela. Akwai injiniyoyi da malaman jami'a, da matasan da ke bin sababbin tashoshi da wayoyinsu suna ɗaukar hoto, da masu adana tarihi irin ƙungiyar Legacy 1995 da ta gyara Gidan Jaekel a Legas ta mai da shi gidan tarihin reluwe. Abin da ya haɗa su shi ne sun san abin da ya gabata. Sun san jirgi ya iso Kano daga Baro a 1911, an haɗe layin da na Legas a 1912, an kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, layi ya kai Maiduguri a 1964. Sun san cewa a wannan shekara ta 1964 hukumar ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, kuma cikin shekara 10 adadin ya faɗi ƙasa da rabi. Wannan bayani kaɗai ya isa ya rushe zancen da ake yi a dandalin kamfe cewa jam'iyya kaza ce ta kashe reluwe, domin ciwon ya kama shi tun ba a haifi PDP a 1998 ko APC a 2013 ba. Yaƙin basasa, fifita titin mota a shekarun arzikin mai, mutuwar cinikin gyaɗa da auduga, da rashin kula, su ne suka taru suka kwantar da shi.

Keffi kuwa tun farko jirgi ya kauce mata. Garin da Abdu Zanga ya kafa a wajejen 1800 zango ne a hanyar fatake daga Loko, a bakin Binuwai, zuwa Zariya da Kano, kuma kafin zuwan jirgi a ka ake ɗauko kuzar Jos zuwa Loko. Da Turawa suka ja layin gabas daga Fatakwal, sai suka bi da shi ta Makurɗi, Lafiya da Gudi zuwa Kafanchan, ya haɗu da Kaduna a 1927, aka kammala gadar Makurɗi a 1932. Kafanchan ta bunƙasa saboda mahaɗar jirgi, Keffi ta koma gefen hanya. Dawowar babban birni Abuja ne ya sake juya al'amarin. A yau ɗimbin ma'aikatan Abuja, daga masinja zuwa darakta, a Mararaba, Ado, Masaka, Auta Balefi da Keffi suke kwana, kuma tafiyar kilomita 50 da ba ta kai awa ɗaya ba takan cinye safiya sukutum a cunkoson Mararaba da Nyanya. Tsarin jirgin cikin birnin Abuja ya tanadi reshe zuwa Nyanya da Karu, amma kimanin kilomita 45 da aka gina sun nufi filin jirgin sama ne da Kubwa. An sha yin maganar layi daga Abuja zuwa Keffi, har yau dai a baki da takarda yake. Tsohon layin da Jihar Nasarawa ke da shi kuma, wanda aka haifi Gwamna Abdullahi Sule a bakin tasharsa ta Gudi, ya daɗe ba ya aiki, har a 2021 'yan sandan jihar suka kama mutane da dama bisa zargin kwance ƙarafansa a yankin Lafiya.

3.0 Shekarun Layi da Shekarun Mulki

A ɗauki layin da aka fi yin gardama a kansa. A 2006 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar faffaɗan layi daga Legas zuwa Kano a kan dala biliyan 8.3. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta nan Keffi, ta dakatar da ita a 2008, daga baya aka yanke shawarar yin aikin gunduwa-gunduwa. An soma gunduwar Abuja zuwa Kaduna a 2011 zamanin Jonathan, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin, aka gama shimfiɗa ƙarfe a ƙarshen 2014, gwamnatin Buhari ta ƙarasa abin da ya rage ta buɗe a 2016. Shugabanni huɗu ke nan, jam'iyyu biyu, kuma Buhari da kansa ya amsa a jawabin buɗewar cewa gwamnatocin baya ne suka tsara suka fara. Jirgin cikin birnin Abuja ya fi haka: kwangila a 2007, ƙaddamarwa a Yulin 2018, tsayawa a 2020 lokacin annobar korona, sake buɗewa a Mayun 2024 a hannun Shugaba Bola Tinubu. Layin Itakpe zuwa Ajaokuta zuwa Warri kuwa an fara shi a 1987 zamanin Janar Ibrahim Babangida, ba a ƙaddamar da shi ba sai Satumbar 2020, bayan shekara 33. Ya girmi jam'iyyun da ke faɗa a kansa gaba ɗaya. Shuka dabino ce, mai shukawa daban, mai ban ruwa daban, mai cin 'ya'yan daban, kuma duk wanda aka cire a cikinsu babu dabino.

Ko da an ajiye shekaru an dubi mutane, tutar jam'iyya ba ta nuna wa zai gina layi, wa zai yi watsi da shi. Rotimi Amaechi, ministan sufurin da aka gina layin Legas zuwa Ibadan a hannunsa, gwamnan PDP ne a Ribas kafin ya koma APC a 2013. Jirgin saman gada da ya fara ginawa a Fatakwal, magajinsa Nyesom Wike ya yi watsi da shi bayan 2015. Wiken nan dai, yana ɗan PDP kuma minista a gwamnatin APC, shi ya tsaya aka farfaɗo da jirgin Abuja a 2024. Buharin da aka yaba wa a kan layukan zamani, gwamnatinsa ta soja ce ta soke aikin jirgin cikin birnin Legas na Lateef Jakande a 1985, sannan shi ne ya je ya ƙaddamar da Shuɗin Layin Legas a Janairun 2023. A nan gida ma, Abdullahi Adamu, ɗan Keffi, ya yi gwamna shekara 8 a PDP, ya kuma shugabanci APC ta ƙasa a zaɓen 2023. Mai kishin jirgin da ya ɗaure amanarsa a jikin jam'iyya ya ɗaure ta ne a jikin abin da masu shi ma suke sauyawa duk lokacin da ya dace da su.

4.0 Abin da Ɓangaranci Ke Ɓatawa

Asara ta farko ita ce rasa ikon bambance ƙaddamarwa da aiki. Kakar zaɓe kakar biki ce, kuma jirgi abu ne mai kyan hoto. A ƙarshen 2014 da farkon 2015, ana tsakiyar kamfe, aka riƙa ƙaddamar da sassan layin gabas da aka gyara, amma zirga-zirgar ba ta ɗore ba. A Maris ɗin 2021 wata gwamnatin ta sake aza harsashin gina layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri, amma zuwa 2024 gunduwar Fatakwal zuwa Aba ce kawai ta soma ɗaukar fasinja, Lafiya da Gudi suna jira. Ba halin Nijeriya kaɗai ba ne. A Nijar, Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa, a ƙarshen Janairun 2016, 'yan makonni kafin zaɓen Fabrairu, kuma layin bai taɓa yin jigilar yau da kullum ba. A Senegal, Macky Sall ya hau sabon jirgin Dakar a Janairun 2019 gab da zaɓe, fasinja ba su samu shiga ba sai Disambar 2021. Talaka mai zaɓe yana da uzuri in biki ya ruɗe shi. Wanda ya san cewa layi ba ya aiki sai da sigina, taragai, wurin gyara, ma'aikata da kuɗin man kowace rana, shi ne ya kamata ya tambaya ko an tanadi waɗannan. In ya zama ɗan jam'iyyar mai biki sai ya yi shiru, in ya zama ɗan adawa sai ya yi sukar da ba wanda zai saurara, domin an san dalilinsa.

Asara ta biyu ta fi ciwo, domin ta shafi rai. A daren 28 ga Maris, 2022, 'yan ta'adda suka dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe aƙalla mutum 8, suka sace sama da 60. Ba a sako 23 na ƙarshe ba sai ranar 5 ga Oktoba, mako guda bayan buɗe yaƙin neman zaɓe a hukumance, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Akwai tambayoyi na fasaha da suka kamata a yi da murya ɗaya. An riga an kai wa layin hari da bam a Oktoban 2021, to me aka gyara a tsakani? Ministan sufuri ya fito ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido ba a amince ba, to wa ya ƙi, kuma a kan wane dalili? Me ya sa jirgi ke bin dajin da aka san halinsa da dare? Maimakon haka, muhawarar ta karkata zuwa ga ribar zaɓe. Wani ɓangare ya ga cewa duk mai tambaya maƙiyin gwamnati ne, ɗayan ya mai da harin hujjar cewa bashin da aka ci don layin asara ce tun asali. Wata ɗaya bayan dawowar jirgin, a Janairun 2023, aka sace fasinjoji a tashar Igueben da ke kan layin Warri, abin da ya nuna cewa matsalar tsaron tashoshi ba ta yanki ɗaya ba ce, ba kuma ta jira sakamakon zaɓe.

Asara ta uku ita ce mai da lissafin tattalin arziki faɗan ƙabila da yanki. Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan 2 aka kuma aza harsashinsa a Fabrairun 2021, yana da tambayoyi na gaske a kansa. Nawa ne kayan Nijar da za a iya janyowa daga tashoshin ruwan Kwatano da Lome zuwa Legas? Yaya ribarsa za ta kasance in gunduwar Kaduna zuwa Kano da ta Ibadan zuwa Abuja ba su kammala ba? Me zai faru in an rufe iyaka, kamar yadda aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023? Amma abin da ya cika kunnuwa shi ne cewa shugaba ya kai wa danginsa jirgi, ko kuma cewa duk mai suka maƙiyin Arewa ne, alhali mafi yawan layin a cikin Nijeriya yake, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Amurka ta nuna ƙarshen wannan hanya. Da jirgi mai sauri ya zama alamar gwamnatin Barack Obama, sai soke shi ya zama alkawarin kamfe: Scott Walker ya ci zaɓen gwamnan Wisconsin a 2010 yana adawa da layin da tarayya ta ware wa dala miliyan 810, kuɗin suka koma wasu jihohi. Duk aikin da aka shafa wa fentin jam'iyya, ranar da ta faɗi zaɓe shi ma ya shiga haɗari.

5.0 Amsa ga Masu Suka

Suka ta farko ita ce reluwe da siyasa ba su taɓa rabuwa ba. Turawa sun ja layi ne don kwasar gyaɗa, auduga, kuza da kwal, kuma ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya ɗauki kimanin mako shida ya kuma ƙarfafa gwagwarmayar neman 'yanci. Wannan gaskiya ce, takardar kuma ba ta kiran kowa ya ƙaurace wa siyasa. Inda za a bi da layi, wa zai biya, wa za a tayar daga gonarsa, duk siyasa ce. Sai dai a lura da abin da ya ba yajin 1945 ƙarfi: buƙata ce takamaimiya, ƙarin alawus na tsadar rayuwa, wadda ta haɗa ma'aikata daga Legas zuwa Kano ba tare da tambayar wa kake bi ba. Daga baya Imoudu ya shiga PRP tare da Malam Aminu Kano, kuma da jam'iyyar ta dare a farkon shekarun 1980, shi ne ya jagoranci 'yan santsi, ɓangaren Abubakar Rimi da Balarabe Musa, a kan 'yan taɓo, ɓangaren Malam Aminu. Yana da cikakken 'yancin yin hakan, kuma martabarsa ba ta ragu ba. Amma a waɗannan shekarun reluwe na ta durƙushewa, rikicin santsi da taɓo bai tayar da tarago ko ɗaya ba. Mutum ɗaya ne a zamani biyu, kuma an ga wanne daga cikin salon biyu ya amfani ma'aikacin reluwe.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Masu ita suna cewa gasar jam'iyyu ce ke sa a yi aiki, domin in ɗan siyasa bai sa ran yabo ba, ba zai ci bashi ya shimfiɗa ƙarfe ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Faffaɗan layin da aka buɗe tsakanin 2016 da 2021, daga na Kaduna zuwa na Ibadan mai kilomita 157, ya zo ne a lokacin da gasa tsakanin manyan jam'iyyu biyu ta yi tsanani. To amma a dubi irin aikin da wannan gasa ke saka wa. Tana saka wa sabon gini, ba ta saka wa gyara. Tana saka wa jirgin fasinja mai sanyi da ake ɗauka a hoto, ba ta saka wa jigilar siminti, taki da hatsi, wadda ita ce ta riƙe reluwe a zamanin ƙarfinsa. Tana saka wa raɗa wa tashoshi sunayen manya, kamar yadda aka yi a 2020, ba ta saka wa sayen kayan gyara. A Maris ɗin 2022 jirgin Legas zuwa Ibadan, bai cika shekara da ƙaddamarwa ba, ya tsaya a daji saboda man dizal ya ƙare. Masu yabon sabon gini sun riga sun yi yawa. Gurbin da babu kowa a cikinsa shi ne na mai yabo ko suka a kan abin da ido ba ya gani, kuma in masu kishin jirgi sun bar shi sun shiga sahun masu tafi, babu mai cike shi.

Suka ta uku ita ce tsayawa a tsakiya tsoro ne, kuma mai mulki yake amfana. Amsa ita ce ba tsakiya ake nema ba, ma'auni ɗaya ake nema. Kowa ya jefa ƙuri'arsa inda ya ga dama, ya yi wa ɗan takararsa kamfe da sunan kansa. Abin da bai dace ba shi ne ya ari bakin harkar jirgi ya ci wa jam'iyya albasa. Ingila ta ba da darasi ta fuska biyu. Bayan rahoton Beeching na 1963 da ya ba da shawarar rufe dubban mil na layi, jam'iyyar Leba ta soki shirin, ta ci zaɓen 1964, sannan rufewar ta ci gaba a hannunta. Waɗanda suka dogara da alkawarin jam'iyya sun tashi a tutar babu. Amma da aka so rufe layin Settle zuwa Carlisle a shekarun 1980, masu sha'awar jirgi da ƙananan hukumomi da mazauna yankin suka haɗu, suka yi ta kawo alƙaluman fasinja da na kuɗin gyara, har gwamnatin 'yan mazan jiya ta fasa rufewa a 1989. Wannan matsin lamba ne mai tsanani, ba tsoro ba, kuma ya yi tasiri ne domin babu yadda za a kore shi da cewa aikin 'yan adawa ne.

6.0 Abin da Ya Rage ga Keffi

A Maris ɗin 2023 aka sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki da ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga ikon tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi damar shiga. Daga nan layin Keffi ya zama abin da ɗan takarar gwamna zai iya yin alkawarinsa, ya kuma zama abin da magajinsa zai iya binnewa, kamar yadda aka gani a Fatakwal. Sakamakon zaɓen 2023 ya nuna girman haɗarin. Peter Obi na LP ne ya zo na ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa a jihar ba tare da samun rabin ƙuri'u ba, APC ta riƙe kujerar gwamna bayan shari'ar da ta kai Kotun Ƙoli a Janairun 2024, kujerar sanatan Nasarawa ta Yamma kuwa Ahmed Aliyu Wadada ya ci ta a SDP. A irin wannan jiha, layin da aka san shi da jam'iyya ɗaya ya fara rayuwa da maƙiya masu yawa. Don haka aikin masu kishin jirgi a nan shi ne su shirya tambayoyi iri ɗaya, su kai wa kowane ɗan takara a rubuce, su buga amsoshin. Ta ina layin zai bi, kuma an keɓe filinsa da doka, ganin cewa kowace shekara gine-gine na ƙara cinye gefen hanya, kuɗin diyya na ƙara hawa? Faɗinsa zai dace da na Abuja, milimita 1,435, ko za a gina abin da ba zai haɗu da komai ba? Wace yarjejeniya aka ƙulla da hukumar babban birnin tarayya, tunda ƙarshen layin a ƙasarta yake? Wa zai ba da rance, a kan wane sharaɗi, kuma za a fito da binciken yiwuwar aikin kowa ya gani? Nawa ne kuɗin tikiti in an kwatanta da na bas, kuma ina makomar direbobi da 'yan kamasho? Akwai shirin haɗa shi da Gudi da Lafiya don jigilar doya, riɗi, shinkafa da ma'adanai? Jami'ar Jihar Nasarawa da ke wannan gari tana da masanan da za su iya auna amsoshin, masarauta da ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma suna da muryar da ta wuce wa'adin gwamna.

7.0 Kammalawa

Shaidar da aka gabatar ta nuna cewa manyan layukan da Nijeriya ta buɗe a wannan ƙarni duk sun ratsa hannun gwamnatoci da dama, cewa 'yan siyasar da ke gina su da masu watsi da su suna sauya sheƙa, kuma cewa kakar zaɓe tana fifita biki a kan kulawa, tana kuma mai da batun tsaro da na lissafi makamin faɗa. Wannan bai hana masu kishin jirgi zama 'yan jam'iyya a matsayinsu na 'yan ƙasa ba, amma ya wajabta musu raba ƙuri'arsu da shaidarsu. Ga Keffi, shawarar takardar ita ce a kafa dandali ɗaya da zai haɗa masana, tsofaffin ma'aikatan reluwe, 'yan kasuwa da matafiya, wanda ba zai goyi bayan kowane ɗan takara ba, sannan ya sa a gaba neman dokar Majalisar Jiha da za ta keɓe filin layin ta kuma ɗaure duk gwamnatin da ta zo. Matakin ba ya buƙatar rance, kuma ana iya ɗaukarsa kafin zaɓe mai zuwa.